Turbar gefen kanal daga Leeds zuwa Liverpool: tauraro uku, shi ma da ƙyar

Mu biyar muka taka mil 127 ɗin nan cikin kwana bakwai a watan Oktoba, muna neman gudunmawar haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyenmu. Yayanmu da ya kawo shawarar ya ce ai gefen kanal, wato kogin da aka haƙa don jiragen ruwa, miƙaƙƙiyar hanya ce, ba hawa ba gangara, tunda don dawakan da ke jan jiragen dakon gawayin kwal aka yi ta, kuma wai ko makaho ba zai ɓata ba, ruwa kawai zai bi. Ku riƙe wannan maganar tasa.

Ranar farko kam sai hamdala. Daga Leeds har Bingley turbar a daɓe take, ƙafa na tafiya da kanta. Masu keke ne kawai fitina, sai ka ji ƙararrawa a ƙeyarka. Mun tsaya kallon ƙofofin ruwan nan guda biyar na Bingley, masu ɗaga jirgi hawa-hawa kamar bene, muka yi ta ɗaukar hoto muna tura wa waɗanda suka ba da kuɗi. Da a nan aka tsaya, tauraro biyar zan bayar.

Rana ta uku ce ta ɓata komai. Muna wuce Gargrave daɓen ya ƙare, aka koma ciyawa, kuma an kwana ana ruwa. Tsakanin Bank Newton da East Marton kanal ɗin lanƙwasa yake yi kamar maciji, ka yi tafiyar rabin awa ka ɗaga kai ka ga inda ka baro yana kallonka. Laka har idon sawu. Kambas ɗina na dama ya maƙale, na zaro ƙafa da safa kawai, na tsaya a ƙafa ɗaya kamar zalɓe ina tono shi da hannu. Daga nan safa ta jiƙe, kafin la'asar diddigena ya yi bororo.

Duk wannan na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne Foulridge. Mun iso dab da magariba, a gajiye liƙis, sai kawai muka ga ruwa ya shige wani baƙin rami a ƙarƙashin tudu, turba kuma ta ƙare. Ashe ramin ya kusa mil ɗaya, kuma ba a yi masa hanyar ƙafa ba sam. A da masu jirgi kwanciya suke yi rigingine suna tokare bango da ƙafa har su fita, dawakai kuma a zagaya da su ta sama. To mu ne dawakan ranar. Idan akwai allon da ke nuna hanya, mu dai ba mu gan shi a duhun nan ba. Wayata ta mutu, ta Yaya saura kaɗan. Muka bi wani ɗan titi da ba fitila, muka ɓulla bakin wani tafki, muka dawo, muka sake lalube. Na ce, "Yaya, ina ruwan da makaho zai bi?" Bai ce uffan ba. Tafiyar da ba ta wuce ta minti talatin ba ta ci mana awa ɗaya da rabi.

Wani dattijo da ya ɗaure jirginsa a ɗaya bakin ne ya tausaya mana, ya dafa mana shayi, ya ba ni filasta. Shi ya ba mu labarin saniyar da aka ce ta faɗa ruwan a 1912 ta yi iyo har ta fita ta ɗaya ƙarshen. Na ce a raina saniya ma ta fi mu dabara.

Ban ce babu daɗi ba. Miƙaƙƙen tudun nan na Burnley, inda kake tafiya kana hango rufin gidaje a ƙasanka, ya burge ni, haka ƙofofi 21 na Wigan. Turakun ƙarfe masu nuna mil nawa ya rage su ma suna ƙarfafa gwiwa. Har na fara cewa huɗu zan bayar, sai na tuna famfunan gefen ruwa duk a kulle suke, sai mai jirgi da mabuɗi. Da ruwan gora muka riƙa alwala, wurin shimfiɗa darduma kuwa sai ka zaɓa saboda kashin agwagi. Ban ɗaki ma kada ka sa rai sai ka shiga gari. Ga wani ramin kuma a Gannow, bayan Burnley, shi ma sai ta sama, amma wannan da rana muka same shi.

Kuɗin rijiya sun haɗu, alhamdulillahi. Farcen babban yatsana dai har yau bai gama fitowa ba.