Shagon da ya auna mini ƙafa kafin ya sayar mini da safa

Ni tela ce. Shekara 22 ina zaune a kan keke a gidanmu da ke Shari' Mansur a Makka, ina ɗinka wa mata abaya da kayan biki. Zaman nan da haihuwa biyar suka kai ni kilo 131, ga hawan jini, ga gwiwa da ta hana ni ɗawafi sai a keken marasa lafiya ana tura ni. Da na yanke shawarar yin takmim, wato tiyatar da ake yanke kusan kashi uku cikin huɗu na tumbi a bar shi siriri kamar hannun riga, tsorona duk yana kan wuƙa da maganin sa barci. Likitan da zai yi mini aikin a Jidda shi ya juya mini tunani. Ya ce, "Hajiya, abin da na fi jin tsoro ba ya faruwa a gabana. A gida yake faruwa bayan na sallame ki, kuma daga ƙafa yake tasowa." Jalɗa yake nufi, gudan jini da ke daskarewa a jijiyar da ke can cikin naman ƙafa, ya ɓalle ya bi jini har ya toshe hanyar jini ta huhu. Yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane bayan irin wannan tiyata, kuma mafi yawansa bayan an koma gida yake zuwa, a makonnin farko.

'Yata ta biyu tana karatun aikin jinya, ita ta zaunar da ni ta warware mini. Ta ce tun a ƙarni na 19 ake danganta bayanin da wani likitan Jamus, Rudolf Virchow: abu uku ke haɗuwa jini ya daskare, wato jinin ya rage gudu, ko jikin jijiya ya samu rauni, ko shi kansa jinin ya zama mai saurin daskarewa. Mai ƙiba da aka yi wa tiyata ya haɗa su duka. Ana hura ciki da iska don likita ya samu wurin aiki, ana ɗaga gadon ta wajen kai ƙafafu su yi ƙasa, sai jini ya taru a ƙafa. Bayan an tashi kuma mutum ba ya iya shan ruwa da yawa, jini ya ƙara kauri. Abin da ya fi zauna mini a kai shi ne da ta kama sharaɓata ta ce, "Umma, wannan naman shi ne famfon. Duk takun da kika yi yana matse jijiya ya tura jini sama, akwai 'yan ƙofofi a ciki da ke hana shi dawowa. In kin kwanta, famfon ya tsaya."

A takardar da likita ya rubuta mini akwai safar matse ƙafa mai tsayawa a ƙasan gwiwa, mataki na ɗaya a ƙarfin matsewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka saura mako uku a yi aikin na tura ɗana saidaliyyar unguwa, wato kantin magani. Ya dawo da wata ta riyal 45, an rubuta XXL a kwalin. Da kyar muka sa ta. Kafin la'asar bakinta ya naɗe ya zama kamar igiya a ƙasan gwiwata, ya bar shati mai zurfi, yatsuna suka yi sanyi. 'Yata ta cire ta da sauri, ta ce safar da ta naɗe haka ta fi rashin safa haɗari, domin ɗaure jijiyar take yi. Arha ba ta ado, amma ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wanda ya tambayi ɗana faɗin ƙafar da za ta shiga ciki. Ni da ba na yanka yadin riyal 30 ban auna mai shi ba.

Wata maƙwabciyarmu da aka yi wa mijinta aikin gwiwa ce ta kwatanta mini wannan shago na kayan asibiti a Jidda, irin masu sayar da keken marasa lafiya da gadon jinya da na'urar awon suga. Ta ce in je da safe. Dalilin shi ne ƙafa tana kumbura in rana ta yi, awon yamma ƙarya yake yi. Muka bar Makka bayan asuba, ƙarfe tara muna bakin ƙofa.

Akwai ɗakin mata a ciki mai labule, kuma mace ce ke awo. Wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali, don da yawa daga cikinmu ba za su buɗe ƙafa har gwiwa a gaban namiji ba, sai su sayi ta kwali su tafi. Da ta ji muna Hausa da 'yata sai ta amsa da Hausa. Ashe 'yar Mai Wurno ce ta Sudan, Hausarta da ɗan karin Larabci mai daɗi. Ba ta ɗauko tef ba sai da ta yi mini tambayoyi. "Yaya, kina da suga? Ƙafarki tana mutuwa ko kina jin kamar tafiyar kiyashi? In kin yi tafiya kaɗan sharaɓa tana ciwo har sai kin tsaya? Akwai miki ko gyambo?" Ta ce wanda jijiyoyin da ke kawo jini ƙafarsa suka ƙuntata, ko wanda suga ya kashe masa jin ƙafa, ko mai ciwon zuciya da ƙafa ta cika da ruwa, ba ta sayar masa sai ya koma wurin likitansa, domin matsewar na iya hana jini isa yatsu shi kuma bai ji ba. Ta karanta takardar likitana sannan ta durƙusa.

Ta auna wuri uku a kowace ƙafa: inda ya fi siranta a saman idon sawu, inda ya fi kauri a sharaɓa, da tsawo daga dunduniya zuwa yatsa biyu ƙasa da lanƙwasar gwiwa. Idon sawuna santimita 29, sharaɓa 52, kuma ta dama ta ɗara ta hagu da santimita 1. Nan na gane abin da ya faru da ta riyal 45. An ɗinka ta don ƙafar da kaurinta ke tafiya daidai daga ƙasa zuwa sama, tawa kuwa sharaɓa ta yi wa idon sawu nisa sosai. Akwai samfuri na musamman mai faɗin sharaɓa, shi ta zaɓa mini. Ta bayyana mini cewa safar kirki ta fi matsewa a idon sawu, tana sassautawa tana hawa, shi ya sa take tura jini sama. Mataki na ɗaya a ma'aunin Jamus yana matse idon sawu da 18 zuwa 21 na ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, mataki na biyu 23 zuwa 32. Na ce ta ba ni na biyu tunda ya fi ƙarfi. Ta ce, "A'a Yaya, abin da likita ya rubuta shi zan ba ki."

Sai kuma darasin sawa, wanda ni a wurina ya kai rabin kuɗin. A zura hannu a kamo dunduniyar safar, a juya ta ciki waje har zuwa nan, a sa tafin ƙafa, a daidaita dunduniya, sannan a riƙa janta sama kaɗan kaɗan ana shafe ta kada ta yi tattara. Ba a jan ta daga baki, ba a naɗe bakin in ta yi tsawo. Ta ce a sa safar hannu ta roba irin ta wanke-wanke don ta kama yadin, a cire zobe. Kuma 'yata ta sa ta gwada a ƙafata sau biyu, don ta san bayan tiyata ba zan iya sunkuyawa ba. Haka kuwa aka yi, kwana goma 'yata ke sa mini kowace safiya.

Inda ban ji daɗinsu ba zan faɗa. Girmana babu shi a shago, sai da na jira kwana 6 na sake biyan kuɗin mota Makka zuwa Jidda, alhali masu yin takmim su ne masu manyan ƙafafu, ya kamata a ce girman nan shi suka fi ajiyewa. Kuɗin riyal 290 ne ƙafa biyu, kuma in an buɗe kwali ba a mayarwa. Mutum yana bukatar biyu don ya wanke ɗaya ya sa ɗaya, ga shi da wuya mai ƙaramin ƙarfi ya iya. Kujerar ɗakin awon mai hannuwa ce, matsattsiya, a gefenta na zauna a ɗofane, kuma na gaya musu su canza ta. Launin da suke kira launin fata ba fatarmu ba ce, sai na ɗauki baƙa. Zafi kuma akwai shi. A Makka da rana ta kai 45, safar nan tana sa ƙaiƙayi, sai na koyi shafa mai da dare bayan na cire, ba da safe ba.

A asibiti ba wannan aka sa mini ba. Tasu fara ce ta masu kwanciya, da wata na'ura mai rigar ƙafa da ke hura iska tana matse sharaɓa tana saki. Bayan na farfaɗo da 'yan sa'o'i ma'aikaciyar jinya ta tashe ni tsaye, ina jin jiri, ta riƙe ni muka je ƙarshen baranda muka dawo. Baƙar tawa da na koma gida ta fara aiki, da rana in sa, da dare in cire kamar yadda likita ya ce.

Kada wata ta karanta wannan ta ɗauka safa ta isa. Likitana ya jera mini su, safa ce ta zo ƙarshe. Na farko tafiya: kowace sa'a in tashi in zaga falo, in ina zaune kuma in riƙa ɗaga yatsu sama ina dannawa ƙasa. Ni wannan bai ba ni wuya ba, taka keken ɗinki ne ba tare da keke ba, ƙafata ta san shi tun ina budurwa. Na biyu allurar tsinka jini, enoxaparin, wadda aka fi sani da Clexane. Kwana 14 aka rubuta mini, wasu ana kai su mako huɗu gwargwadon haɗarinsu. A gefen ciki ake yi, nesa da cibiya da wuraren ɗinki, yau dama gobe hagu, ba a murza wurin. Na san mata biyu da suka ajiye tasu a kwana na huɗu don sun ji sauƙi, kuma lokacin ne haɗarin yake nan daram. Na uku ruwa, lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kurɓi kurɓi. Na cika gora da zamzam na ajiye kusa da ni, ina kurɓa duk bayan 'yan mintoci. Rashin ruwa bayan takmim yana iya sa jini ya daskare har a jijiyoyin hanji, don haka ciwon ciki mai tsanani da amai ba abin jira ba ne. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta gaya wa likita tun da wuri, don mai sinadarin istrojin ana dakatar da ita kamar mako huɗu kafin aiki. Mai shisha ko taba shi ma haka.

Maganar alwala ta dame ni, don cire safar nan sau biyar a rana ba zai yiwu ba. Na sa mijina ya tambayi malamin da muke karatu a wurinsa. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya huffin fata ake shafa a kai, malaman Hanbaliyya kuma sun yarda da safa mai kauri da ta rufe idon sawu in an sa ta da tsarki, yini da dare ga mazauni, sannan larurar rashin lafiya tana da nata sauƙin. Saboda haka na zaɓi mai rufaffen yatsu, ina alwala da asuba kafin a sa mini. Kowa ya tambayi malaminsa tun kafin ya saya, don akwai mai buɗaɗɗen yatsu, hukuncinta ba lalle ya zama ɗaya ba.

A kwana na tara sharaɓata ta hagu ta yi ciwo. Goggona da ta zo jinya ta ɗora ruwan zafi, ta ɗauko man zafi, ta ce, "Kawo ƙafar 'yar nan in gasa miki, jijiya ce ta hau." Na san ƙauna ce, hannunta ya warkar da mu tun muna yara, amma na ce, "Goggo ki yi haƙuri, wannan karon ban da tausa." In gudan jini ne, murza shi na iya ɓalle shi. Haka ƙaho, ba a yin sa ana kan allurar tsinka jini. 'Yata ta ɗauko tef ɗina na ɗinki ta auna, ta kwatanta da lambobin da matar shagon ta rubuta mana a bayan rasit, babu ƙari. Duk da haka muka kira 937 na Ma'aikatar Lafiya, muka tafi asibiti a daren aka yi hoton jijiya. Alhamdu lillahi babu komai, naman ne ya gaji. Ban yi nadamar zuwan ba ko kaɗan. Takardun asibiti suna cewa a duba ko ƙafa ta yi ja, mu kuwa baƙar fata ba ta nuna ja. Abin dubawa a wurinmu shi ne ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumburi, ta fi zafi in an taɓa, fatar ta ƙara duhu ko ta yi sheƙi. In numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya soke, ko zuciya ta hau bugu, ko tari da jini, ba a neman mota, 997 ko 911 ake kira.

Wata na uku na sauke kilo 24, safar ta fara zamewa da kanta. Na koma shagon, sharaɓa ta dawo 46. Matar ba ta karɓi ko riyal ɗaya na awo ba, kuma ta ce tunda likita ya sallame ni daga sawa kullum, in sayi guda ɗaya kawai ta sabon girman saboda zaman keke da doguwar tafiya. Ita na sa da muka je Madina a jirgin ƙasan Haramain, ita zan sa a jirgin Kano, don zaman da ya wuce sa'a huɗu yana ƙara haɗarin. Da hannu nake wanke ta da ruwa mai ɗumi, in shanya a inuwa, ta ce bayan wata shida ƙarfinta yana raguwa. Kujerar ɗakin awon sun canza ta da benci mai faɗi. Manyan girma dai har yanzu sai an yi oda, don haka mai niyya ta je saura mako uku ko huɗu, da safe, da takardar likita a hannu, tare da wadda za ta riƙa sa mata.