Share Fagen Firamare a Bukuru: Ta Gwamnati, Ta Kuɗi ko Islamiyya?

Yaro ya kai shekara huɗu ko biyar a Bukuru ta jihar Filato, zaɓi uku ne a gaban iyayensa: ajin share fage na firamaren gwamnati, makarantar kuɗi, ko Islamiyya mai haɗe da boko. Abin da zai nuna ƙoƙarinsa a aji ɗaya shi ne malamar da ta riƙe shi da yawan yaran da ke gabanta.

Ajin gwamnati ya fi sauƙin aljihu. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta sa ilimin ƙananan yara cikin tsarin, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin firamare. Ba a biyan kuɗin makaranta, sai yunifom, littafin rubutu da ɗan abin da ƙungiyar iyaye da malamai ta yanke. Matsalarsa cunkoso. Ƙa'ida malama ɗaya ce ga yara 25. In suka ninka haka, aikinta ya koma raba faɗa da kai yara bayi. A tambayi hedimasta: malamar tana da NCE, wato takardar shaidar malanta? A fannin ƙananan yara ta yi? Ajin daban yake, ko an cusa su cikin 'yan aji ɗaya?

Makarantar kuɗi takan fi ƙarancin yara, amma mai araha ba ta iya riƙe malami, don albashin bai taka kara ya karya ba. Yaro sai ya ga fuska uku a shekara guda, kowacce da salonta. A nemi jimillar kuɗin zango uku a rubuce, har da littattafai da kuɗin bikin yaye ɗalibai.

Islamiyya ta dace da mai son yaro ya fara Alƙur'ani da wuri. A dai san awa nawa ake ba boko a rana.

Kowacce aka nufa, a je ba sanarwa, wajen ƙarfe goma na safe, a ƙirga yaran da ido. A duba ruwan sha da bayi. A duba tagogi ma, don sanyin Filato a Disamba da Janairu kan sa yaro tari ya yi ta fashin makaranta, balle in a kan siminti yake zama ba tabarma.

Sannan a nemi izinin malama a gwada yaro biyu. A nuna musu haruffa a hargitse: "m", sai "b", sai "s". A zube tsakuwa a ce su ware bakwai. Yaron da ke rera ABC har ƙarshe amma ya kasa nuna "m" hadda kawai ya yi, kuma a firamare asirin zai tonu, lokacin da za a ce ya haɗa baƙi da wasali ya karanta kalma.

In makaranta ta yi tayin tsallakar da ɗan shekara huɗu zuwa aji ɗaya, kada a yarda. Yatsunsa ba su gama ƙwarin riƙe fensir ba. Shekara shida ce lokacin shiga firamare.