Asibitin da ya duba mana kunkuru a Greensboro, tauraro huɗu na ba su

Salamu alaikum 'yan uwa. Na san wasu za su yi dariya, wai mace da hankalinta ta ɗauki kunkuru a kwali ta kai asibiti har da biyan daloli. To ku yi dariyarku, ni ma yayata da ke Zariya da na ba ta labari cewa ta yi "ke yanzu haka Amurkan ta mayar da ke?" Amma dai na ga ya kamata in rubuta, don muna da yawa a nan Arewacin Karolina, mu da 'yan uwanmu na Nijar da suka cika Greensboro, kuma yaranmu da aka haifa a nan ba sa rabuwa da kwaso dabbobi.

Kunkurun gadonsa muka yi daga wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ya fi shekara ashirin a hannunta, da za a kai ta gidan kula da tsofaffi sai ta bar wa ɗana. Irin wanda suke ce wa box turtle ne, wato kunkurun akwati, don ƙoƙon cikinsa yana da wata gaɓa kamar ta murfi, in ya ji tsoro sai ya shige ya rufe ruf, ko wuƙa ba ta samun wurin shiga. Bai wuce tafin hannun maigida ba, baya baƙi-baƙi da zanen ruwan lemo, ido ja (wai yawanci mazan ne masu jan ido). Tun 1979 jihar nan ta ɗauke shi a matsayin dabbarta cikin masu jan ciki, har a littafin makarantar yara akwai hotonsa. Yara suka sa masa suna Baba Tsoho.

Wata rana a farkon Oktoba kare ya shigo ta ƙasan shinge ya same shi yana shan hantsi a bayan gida. Kafin mu ankara ya tauna gefen ƙoƙon ta baya, ya fasa wuri biyu, ga jini. Ni wallahi ban taɓa sanin ƙoƙon kunkuru yana jini ba, na ɗauka kamar ƙwarya ce kawai ya kifa a bayansa. Ɗana yana ta kuka, maigida ya ɗauko gam ɗin nan mai kamawa nan take wai a liƙe, Allah Ya sa na ce a bari a tambaya tukuna. Asibitin gaggawa na farko da muka kira suka ce su kare da kyanwa kawai suke gani. Na biyu ma haka. Sai na ukun, wanda nake magana a kai, su ne masu duba tsuntsaye da macizai da zomaye da su kunkuru, suka ce mu sa shi a kwali da tsumma mai tsabta, kar mu shafa komai, kar mu bari ƙuda ya sauka a kai, mu zo da safe.

Abin da ya fara burge ni shi ne likitar ba ta yi mana kallon mutanen da suka zo ɓata mata lokaci ba. Ta auna shi a sikeli, giram 410, ta ɗauki hoton ƙashi, ta juyo mana da kwamfutar ta nuna mana. Ashe ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama rufi, kuma huhunsa yana nan daf da saman, shi ya sa in fashewar ta yi zurfi abin ya zama babba. Namu Allah Ya taimaka a gefe ne. Da maigida ya faɗi zancen gam sai ta girgiza kai, ta ce cizon kare ba a rufe shi, bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, in ka liƙe ka kulle su a ciki ne su yi ta ci. Ta wanke ciwon sosai, ta ba shi maganin rage zafi, ta rubuta allurar ceftazidime duk bayan kwana uku, da man shafawa silver sulfadiazine, irin wanda ake shafa wa ƙuna.

Sai kuma aka zo inda na ji kunya. Ta duba idonsa ta ce ya ɗan kumbura, me muke ba shi? Na ce latas da tumatir da ɓawon kankana, da alfahari na ma na faɗa. To ni kunkurun da na sani shi ne na gidan kakata, ƙaton nan na Sahel da yake haƙa rami a gindin katanga ya yi ta kiwon ciyawa a rana tsaka, ba ruwansa da kowa. Ashe wannan ba irinsa ba ne ko kaɗan. Wannan ɗan daji ne mai son laima da inuwa, a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye yake rayuwa, abincinsa tana da katantanwa da ƙwari da laimar kwaɗi da 'ya'yan itace. Shekara guda da rabi ina ba mai cin nama salak. Ta ce ƙarancin bitamin A ne yake kumbura musu ido, wani lokacin har ya kai ga ƙurji a kunne sai an tsaga. Ba ta yi min faɗa ba ko kaɗan, ta rubuto min abin da zan ba shi, karas da kabewa da dankalin Hausa a gurza, ganye mai duhun kore, ɗan dafaffen ƙwai, tana, a barbaɗa garin kalsiyam.

Amma in kun tambaye ni wa ya ci kuɗinmu da halal a asibitin nan, wata ma'aikaciya ce mai taimaka wa likita. Ta zauna da ni ya fi minti talatin tana koya min allura, don kunkurun akwati in ya rufe ba yadda za ka yi da shi, kuma ba a ɓanɓare shi da ƙarfi. Ta nuna min yadda zan jira ya leƙo, in sa yatsa a hankali in riƙe ƙafar gaba, nan ake yi, a naman ƙafar gaba, wannan karon dama, karo na gaba hagu. Hannuna yana rawa, na yi a jikin lemo sau uku kafin ta bari in taɓa shi. Ranar farko da na yi a gida sai da na yi Bismillah ta fi goma, shi kuma ya yi min wani huci ya shige, na zauna a ƙasan kicin ina jiransa kamar mai bin bashi.

Su suka tsara min ɗakin jinyar ma. Babban bahon roba mara gani ta ciki, don in gilashi ne zai yi ta tura hanci yana neman fita. Ba ƙasa, ba ganye, tishun kicin kawai a shimfiɗa a canja kullum saboda ciwon. Kwali ɗan ƙarami da zai ɓuya, don in bai da maɓoya hankalinsa ba ya kwanciya kuma ba zai ci ba. Zafi tsakanin digiri 80 zuwa 85 a ma'aunin nan, wato wajen 27 zuwa 29 a namu na gida, da gefe guda mai ɗan sanyi da zai koma in ya gaji. Dalili shi ne jikinsu ba ya yin ɗumi da kansa, in ya yi sanyi komai tsayawa yake, narkewar abinci da aikin magani da warkewar ma. Kuma ta ja min kunne sosai a kan barcin hunturu, don a nan da zarar sanyi ya shigo sai su binne kansu su yi watanni, ta ce mara lafiya ba a barinsa ya yi, zai iya tafiya ke nan. Fitilar UVB, wato mai ba da haske irin na rana da jikinsu ke buƙata, na sayi ReptiSun ta kamfanin Zoo Med, ta yi min aiki ba matsala, sai dai ku sani hasken nan ba ya ratsa gilashin taga, ajiye shi a bakin windo ba ya wadatarwa, kuma ƙwan yana daina aiki tun yana haske, bayan wata shida zuwa shekara sai an canja.

Kwana goma sha ɗaya bai ci komai ba. Nan ne na kusa karaya. Kullum in jiƙa shi a ruwan ɗumi minti ashirin, ruwan bai kai ciwon ba, in auna shi in rubuta, giram yana ta sauka kaɗan-kaɗan har 392. Na tura musu hoto ta imel suka ce in dai bai wuce kima ba in ƙara haƙuri, in gwada abu mai motsi da sassafe in kuma bar wurin don ba ya son a tsaya masa a kai. Maigida ya je shagon masu kamun kifi ya sayo tana a roba, ni da ƙyanƙyami na sa a firij kusa da yajina, abin da ban taɓa zaton zan yi ba a rayuwata. Na jefa masa ɗaya na laɓe a bayan ƙofa. Sai ga wuya ya miƙo, ya kalle ta ya fi minti biyu, ya cafke. Ihun da na yi sai da maigida ya fito a guje.

To me ya hana su tauraro na biyar? Kuɗi da waya. Zuwan farko da hoto da magunguna ya tasar wa dala ɗari huɗu, wannan sun faɗa tun kafin su fara, ban da ƙorafi. Amma ba wanda ya gaya min duk dawowa dubiya kuɗin ganin likita ne sabo, sai a wurin biyan kuɗi na ji, kuma sau uku muka koma. Wayarsu kuwa sai ka yi ta jin kiɗa minti ashirin, imel ya fi sauri nesa ba kusa ba. Ranar Lahadi a rufe suke, likitar masu jan ciki kuma ba kullum take nan ba, ku tambaya kafin ku kama hanya.

Abu biyu da suka nanata min. Wanke hannu da sabulu duk an taɓa shi, saboda ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa, kuma kar a wanke bahonsa a inda ake wanke kwanuka, dalilinta ne ma tun 1975 aka hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba a ƙasar nan. Na biyu, in na daji kuka tsinta mota ta taka ko injin yankan ciyawa ya sare shi, kar ku mayar da shi na gida, ku riƙe daidai wurin da kuka same shi don can za a mayar da shi in ya warke, ba sa son a raba su da unguwarsu. Makarantar likitan dabbobi ta jami'ar NC State da ke Raleigh tana da ɗalibai masu karɓar irin waɗannan.

Yanzu wata huɗu ke nan. Ciwon ya bushe, wurin ya yi fari-fari da tauri, likita ta ce gefen da kare ya gutsure ba zai dawo yadda yake ba, kuma ƙoƙo kan ɗauki shekara ko fiye kafin ya gama haɗewa. Ido ya washe, sikeli ya nuna 421 jiya. Karas dai har yanzu sai na cakuɗa da ƙwai yake yarda, in ba haka ba ya tsince ƙwan ya bar min. Shingen ma maigida ya toshe ƙasansa da bulo. Muna da komawa a watan Afrilu kafin a fitar da shi waje, kuma wannan karon na tambayi kuɗin tun a waya.