Tkinter ko Qt: Wanne Zai Fito Maka da Haruffanka a Kan Maɓalli?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka rubuta wa wani dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas manhajar lissafin kwanduna da Python, a kwamfutarka maɓallin "Ƙara kaya" ya fito tsaf, da ka kai masa sai salon rubutun ya canja, Ƙ ɗin ma ta fito daban kamar baƙuwa a cikin kalmar. Kana tambaya ko ka zauna a kan Tkinter ko ka koma Qt, wato kayan aiki biyu da ake gina tagogi da maɓallan manhaja da su a Python.

Maɓallin bai yi laifi ba. Salon haruffan da ka zaɓa a kwamfutarka kaɗai yake, bai bi manhajar zuwa kasuwa ba. Tkinter da Qt sun rabu ne wajen yadda kowanne ke tafiya da fayil ɗin salon haruffan, wato ttf.

Tkinter ba ya buɗe fayil ɗin ttf da kansa. Sunan salo kawai yake karɓa, ya nema cikin waɗanda aka girka a kwamfutar, in bai samu ba ya ɗauko wani ya sa, ko uffan ba zai ce maka ba. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ci mini rai. Na taɓa kai wa wani mai kemis a Agege aiki, kwamfutar tasa sabuwar sayowa daga Computer Village, na zauna tun La'asar har aka kira Isha'i ina canja girman rubutu. Ashe sunan fayil na rubuta, NotoSans-Regular, alhali sunan da ake nema shi ne Noto Sans, da tazara a tsakani. A Windows mafita ita ce ka kira AddFontResourceEx ta hanyar ctypes, wanda ke ba Python damar kiran umarnin Windows kai tsaye, da alamar FR_PRIVATE, don ya loda fayil ɗin tun kafin ka gina tagar manhajar. A Linux ko Mac wannan dabarar ba ta aiki, sai ka nemi wata. Ga kuma wani tarko: tk.Button yana karɓar font kai tsaye, ttk.Button kuwa ba ya karɓa, sai ta ttk.Style, ka saita TButton.

Qt aikin layi uku ne. Bayan ka tayar da QApplication, ka miƙa wa QFontDatabase.addApplicationFont hanyar fayil ɗin. Zai dawo maka da lamba. In ka ga -1, bai buɗu ba, ka san inda ciwon yake. In ya buɗu, applicationFontFamilies zai ba ka ainihin sunan, ba sai ka yi kame-kame ba. Haka zai yi a Windows da Linux da Mac. Ka dai kula, in ka sa salo a stylesheet ka kuma sa setFont, na stylesheet ke rinjaye.

Amma Qt yana da nauyi. Tkinter tare da Python yake zuwa, Qt kuwa in ka ɗaure shi da PyInstaller, mai haɗa manhaja wuri guda don a kai ta wata kwamfutar, fayil ɗin manhajar yana kumbura sosai, mai tura aiki ta WhatsApp da data ɗinsa zai ji a jika. In sayarwa za ka yi, cikin hanyoyi biyu na amfani da Qt a Python ka ɗauki PySide6 mai lasisin LGPL, don PyQt na GPL ne, mai neman ka buɗe wa mutane lambar manhajarka, ko na biya.

Ni dai a naka, tunda ka riga ka gama kuma dillalin naka da Windows yake aiki, kada ka rushe gini saboda taga ɗaya. Ka yi ta ctypes. Sabon aiki kuwa Qt zan ɗauka, musamman in akwai ajami, don yana haɗa haruffa daga dama zuwa hagu da injin tsara haruffa mai suna HarfBuzz, ga kuma salon haruffa na Alkalami daga ƙungiyar SIL mai kama da rubutun allo irin na Kano.

Ko wanne ka bi, ka fara gwada salon da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu. Da yawa masu kyan gani ba su da masu lanƙwasa. Noto Sans da Andika da Charis SIL suna da su, kuma lasisin OFL ya yarda ka haɗa su da manhajarka. Ka tuna ka sa fayil ɗin salon da --add-data lokacin ɗaurewa da PyInstaller, sannan ka gwada a kwamfutar da ba taka ba kafin ka hau mota zuwa Mile 12.