Wane mai ya dace da silayid ɗin turombon da turampet?

Duk mai busa turombon a badujala ya san takaicin silayid mai cijewa, wato bututun nan da ake zugewa don sauya sauti. Hannu na neman matsayi na uku, bututu ya toge a hanya, sauti ya kauce. Kafin ka fitar da kuɗi, ka tantance bututun da za ka shafa, domin ba mai ɗaya suke sha ba.

Silayid ɗin hannu na turombon, mai matsayi 7 (wuraren da ake tsayar da shi), shi ne mai fitina. Masu kirim irin su Trombotine da Superslick suna da araha da auki. Ɗan mitsitsi za ka lakata, ka shafa a ƙarshen bututun ciki inda ya ɗan fi kauri, ka zuge shi sama da ƙasa, sannan ka fesa ruwa. Ruwan ne ke kawo santsin. In ka cika hannu sai ya yi nauyi, ga shi da hunturu kirim na kwasar ƙura har tsumma ya fito baƙi ƙirin. Slide-O-Mix kwalba biyu ne, ɗigo daga ƙarama, sannan a bi da babba. Gudunsa ba a magana, amma yana barin dauɗa in ba a gogewa a kai a kai. Na Yamaha kwalba ɗaya ce, ba haɗe-haɗe. Ni dai shi zan saya wa ɗalibi, musamman a garin da ƙura ta yi yawa.

Bututun saita sauti kuwa giris mai kauri yake so, kamar na Schilke mai lanolin (man da ake samu daga gashin tumaki), don ya zauna inda aka ajiye shi. Amma ƙananan silayid na bawul na ɗaya da na uku a turampet yatsa ke tura su ana tsakiyar busa, sai mai marar nauyi, irin Hetman lamba 4 ko 5.

Basilin yana narkewa da zafi, man inji kuma kada ma ya kusanci abin da ake kaiwa baki. In za ka sauya mai, ka wanke tsohon tas da ruwan ɗumi da sabulu tukuna.

Idan ka wanke, ka shafa, amma kullum wuri ɗaya yake cijewa, to bututun ya lotsa ko ya karkace. Kada ka goge shi da samfefa, za ka cinye rufin ƙarfen. Kuɗin man nan ka kai wa mai gyara.