Sharhi Kan Shafin Etymonline

Shafin Etymonline, wanda Douglas Harper ya kafa, ƙamus ne na kyauta a intanet da ke bin diddigin asalin kalmomin Ingilishi. Duk wanda ya duba kalmar "nice" zai tarar cewa tushenta shi ne "nescius" na Latin, wato jahili, kuma ta shigo ta hanyar tsohon Faransanci da ma'anar wawa, sannan ta yi ta sauyawa har ta koma abu mai daɗi a ƙarni na 18. A ganina, wannan jeranta ma'anoni bisa zamani shi ne babban alfanun shafin. Sai dai yana ƙaranta misalan yadda ake amfani da kalma a yau, saboda haka ɗalibi yana buƙatar wani ƙamus a gefe.