Sharhi kan Takardar Gam Mai Kama Ƙuda Bayan Na Yi Mako Shida Ina Amfani da Ita

Na daina fesa maganin ƙwari a cikin gida tun ranar da likita ya tabbatar mana cewa autana yana da asma, domin duk daren da aka yi feshi sai yaron ya kwana yana tari, ƙirjinsa yana ƙara kamar usur. Fiya-fiya kuwa dama ban taɓa yarda ta shigo mini kicin ba, tun kafin hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben sinadarin DDVP a 2019, wanda shi ne ake haɗa ta da shi. Da mangwaro ya faɗo kasuwa a ƙarshen bazarar bana, maigida ya riƙa shigo mana da shi daga 'Yan Lemo ta Na'ibawa, sai ƙudaje suka mamaye tsakar gida da kicin har ta kai ba a iya ajiye kwanon fura minti ɗaya ba a rufe da faifai ba. A wannan hali ne wata maƙwabciyata ta ba ni shawarar in gwada takardar gam ɗin nan da ake ratayewa.

Takardar tana zuwa ne a naɗe cikin ɗan kwali mai girman batirin tocila, da zare a bakinsa da ƙaramar ƙusa. Idan aka ja zaren a hankali ana murza kwalin, sai ta warware ta zama doguwar tsiri mai launin zuma, wadda aka shafe da danƙo ciki da waje. Ba ta da wari, ba ta hayaƙi, kuma aikinta bai wuce ta riƙe duk ƙudan da ya sauka a kanta ba. Ƙuda yana son sauka a kan abu siriri da ke reto, kamar igiyar shanya ko wayar lantarki, kuma wannan ɗabi'a tasa aka yi wa tarko.

A ranar farko na yi kuskuren rataye ta a tsakiyar ƙofar kicin, ko awa ɗaya ba a yi ba ta kama ɗankwalina, kuma sai da na murza man gyaɗa sannan danƙon ya saki yatsuna, domin ruwa da sabulu ba sa fitar da shi. Da na mayar da ita kusa da taga, inda haske yake shigowa da hantsi, kafin la'asar ta yi baƙi ƙirin da ƙudaje, wasu suna ta karkaɗa fiffike suna ƙugi. Wanda bai gamsu da karin maganar nan ta ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu ba, ya zo ya tsaya gaban wannan takarda. Sai dai kallon ba shi da daɗi ko kaɗan, kuma ba na ba kowa shawarar ya rataye ta saman murhu ko wurin da ake yanka albasa, saboda idan rana ta take danƙon yana yin laushi ya riƙa ɗiga, wani lokaci har da mataccen ƙuda. Ƙura ma tana kashe ta: iskar hadari ɗaya ta lulluɓe wadda na sa a baranda, washegari ƙuda yana sauka a kanta yana tashi abinsa.

Inda ta ba ni kunya shi ne wajen ƙananan ƙudajen nan masu jajayen idanu da ke shawagi a kan ɓawon mangwaro da ayaba da tumatirin da ya fara lalacewa. Waɗannan ƙamshin abin da ya fara tsami suke bi, takardar kuwa ba ta da abin da zai ja su, don haka 'yan ƙalilan ne suka faɗa mata bisa tsautsayi. Abin da ya yi maganinsu shi ne ruwan khal na tuffa, irin wanda ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci. Na zuba kamar cokali huɗu a ƙaramin kofi, na ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke sau biyu, na rufe bakin da leda na huhhuda ta da tsinken sakace. Amfanin sabulun shi ne yana hana saman ruwan ɗaukar nauyin ƙwaron, da zarar ya sauka sai ya nutse. Kwana biyu kacal gindin kofin ya cika da su. Lemon tsami da aka soka wa kanumfari, wanda ake ta yabo a Facebook, ya ƙamsasa mini kicin, amma na ga ƙuda zaune a kansa da idona.

A mako na uku na lura cewa ina canza takarda duk bayan kwana huɗu ko biyar, amma ƙudajen ba su ragu yadda na zata ba. Dalili kuwa a fili yake: macen ƙuda tana zuba ƙwai kusan 100 a lokaci guda, ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya, kuma a zafi irin na Kano tsutsar tana iya zama cikakken ƙuda cikin kwana 7 zuwa 10. Takardar manya kawai take kamawa, alhali wasu suna can suna tasowa. Da na bi sawu, sai na tarar da tsutsotsi fal a gindin bokitin shararmu, inda ruwan ɓawo da ƙwallon mangwaro ya taru, da kuma bakin rariyar wurin wanke-wanke, inda dusa da ragowar tuwo suka daskare. Na tuna cewa wannan ƙwaro daga irin wuraren nan da masai yake tasowa ya sauka a kan abincin yara, ya yi masa tumbuɗi kafin ya tsotsa, yana ɗauke da ƙwayoyin taifot da atini da amai da gudawa, sai tuwon daren ranar ya fita daga raina.

Daga ranar na sa aka riƙa fitar da shara kullum da yamma, bokitin ya samu murfi, ana wanke shi a kife a rana, rariya kuma ana goge ta da tsintsiya a bi ta da tafasasshen ruwa duk bayan kwana biyu. Maigida ya kira kafinta ya canza ragar tagar kicin da ta yage. Bayan kamar kwana goma, takardar da a ranar farko ta cika a yini guda ta koma tana yin mako ba ta kama ƙudan da ya wuce a ƙirga da yatsu ba.

Zan ci gaba da sayen ta, musamman ga kwanakin Babbar Sallah da ake aikin nama a tsakar gida, domin kuɗinta kaɗan ne kuma autana bai yi tari ko sau ɗaya ba a dalilinta. Mai yara ƙanana ya rataye ta can sama inda hannu ba ya kaiwa, nesa da labule, kuma idan ta cika a naɗe ta cikin tsohuwar jarida kafin a jefa a shara. Tawa ta yanzu tana kusurwar taga ta hagu, kofin khal kuma yana bayan kwandon tumatir, ina sabunta shi duk ranar Asabar.